Babi na Shida: Farautar Jan Kifi a Ruwa Iya Gwiwa

A kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, inda kogin Misisipi yake juye ruwansa cikin tekun Meziko, akwai wata ƙasa da ba ta cika tudu ba, ba ta kuma cika teku ba. Ciyawa ce tsaye cikin ruwan gishiri iyakar ganin ido, dubban ƙananan tafkuna da hanyoyin ruwa sun ratsa ta ta ko'ina. A wurare da yawa ruwan bai wuce gwiwa ba, wani wurin ma da ƙyar yake rufe idon sawu. Amma a cikin wannan ɗan ruwa ake samun kifi mai tsawon mita guda, mai nauyin kilo 10 ko 15. Daga watan Oktoba zuwa Disamba mutane kan taso daga jihohi masu nisa, su biya ɗaruruwan daloli a yini ɗaya, domin wani ɗan yankin ya ɗauke su a ƙaramin jirgi ya nuna musu wannan kifi.

Ba yunwa ce take kawo su ba, domin da yawansu sukan mayar da abin da suka kama cikin ruwa. Abin da suke saye shi ne idon jagora da sanin wuri da ke cikin kansa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan fadama baƙon da ya shiga shi kaɗai zai iya wuni yana zagaye bai ga wutsiyar kifi ko ɗaya ba, in ma bai ɓata ba.

Abin da kaka take yi wa ruwa

Yuli da Agusta watannin wahala ne a wannan gaɓa. Rana tana dukan ruwa mara zurfi har zafinsa ya haura digiri 30, iskar da kifi yake shaƙa a ciki ta ragu, ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yawaita su dagula ruwan. Kifin da aka daɗe ana ja-in-ja da shi a irin wannan zafi yakan galabaita, ko an sake shi ba lallai ne ya rayu ba. Ga kuma guguwa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ake lissafin lokacinta, amma a Agusta da Satumba ta fi yin ɓarna. Katrina ta 2005 da Ida ta 2021 duk ranar 29 ga Agusta suka faɗa wa Luwiziyana.

Da Oktoba ta kama sai abubuwa uku su haɗu. Na farko shi ne kogi. Misisipi yana kwaso ruwa daga jihohi 31 da wani yanki na Kanada. Yakan cika bayan hunturu, lokacin da ƙanƙara take narkewa a arewa, ya zo jawur da laka. Da kaka kuwa yakan ja baya, lakar ta ragu, ruwan teku mai tsabta ya sami hanyar shigowa cikin fadama.

Na biyu iskar arewa. A wannan gaɓa cikar teku da janyewarta ba su da yawa: sau ɗaya a yini, kuma bambancin bai cika wuce santimita 30 zuwa 40 ba. Saboda haka iska ta fi cikar teku iko da ruwa. Iskar kudu tana turo ruwa ya shige can cikin ciyawa, kifi ya bi shi ya ɓuya inda jirgi ba ya kaiwa. Idan sanyi ya gangaro daga arewa, sai ya kore ruwan zuwa teku, ciyawa ta zauna a kan taɓo, kifi ya fito dole ya taru a tafkuna da bakin hanyoyin ruwa. Kwana ɗaya ko biyu bayan iskar ta lafa, sama ta washe, ruwa ya kwanta, waɗannan su ne ranakun da jagorori suke jira tun farkon shekara.

Na uku abinci. Jatan lande da suka girma cikin fadama duk lokacin zafi sukan fara fita zuwa teku da zarar ruwa ya soma sanyi. Kowace janyewar ruwa tana kwaso su daga ciyawa, tare da ƙaguwa da ƙananan kifaye, ta bi da su ta ƙananan mashigai. Babban kifi ya san wannan, sai ya tsaya a bakin mashiga yana tara ƙiba kafin hunturu.

Sanyin kaka bai kai ya kori kifi daga ruwa mara zurfi ba. Ruwa kaɗan yana saurin hucewa da dare, yana kuma saurin ɗumama da hantsi, musamman inda ƙasansa baƙin taɓo ne mai riƙe zafin rana. Da sassafe kifi yakan sauka cikin rami mai ɗan zurfi. Rana tana ɗagawa sai ya hau fili, ya kwanta dab da saman ruwa yana shan ɗumi. Wannan ɗumin ne yake fito da shi inda ido zai gan shi. Idan sanyi ya wuce kima kuwa, masifa ce: ƙanƙarar Disamban 1983 da ta Disamban 1989 sun kashe miliyoyin kifaye a gaɓar Teksas, haka ma ta Fabrairun 2021.

Kifin da ake nema

Mutanen yankin suna kiransa redfish, wato jan kifi. Launinsa na tagulla ne a baya, fari a ciki, kuma yana da baƙin ɗigo a gindin wutsiya, wani ɗaya, wani da yawa. Bakinsa yana ƙasa, domin a taɓo yake kiwo, kuma a maƙogwaronsa akwai haƙora masu murƙushe ɓawon ƙaguwa. Namijin yana da tsoka da yake bugun jakar iskar cikinsa da ita, ta ba da sauti mai kauri irin na ganga. Da wannan sauti yake kiran mata lokacin haihuwa.

Rayuwarsa kashi biyu ce, kuma wanda bai fahimci wannan ba ba zai gane dokokin kamunsa ba. Daga Agusta zuwa Oktoba manya sukan taru da yamma a mashigan da suka haɗa fadama da teku, su zuba ƙwai. Ruwa ya kwashi 'ya'yan ya kai su cikin ciyawa, inda suke samun abinci da maɓoya. Nan suke zama shekara uku zuwa biyar. Idan sun balaga sai su fita teku su shiga garken manya, kuma a can kifi ɗaya yakan rayu fiye da shekara 30 yana haihuwa kowace kaka. Mafi girma da aka taɓa kamawa da ƙugiya aka rubuta, an kama shi ne a tsibirin Hatteras na Karolina ta Arewa a Nuwamban 1984, nauyinsa ya ɗara kilo 42.

Abin da ya bambanta Luwiziyana shi ne, bayan haihuwa waɗannan manya sukan shigo ruwa mara zurfi a gefen fadama neman abinci. Jagorori suna ce musu bijimai, ko da yake da yawa daga cikin mafiya girmansu mata ne. A yawancin gaɓoɓi sai an je ruwa mai zurfi ake samun irinsu. A nan kuwa mutum yakan ga bayan kifin a waje, rana tana haska shi, yana tafe a hankali a gefen ciyawa.

Ba shi kaɗai ba ne a filin. Akwai ɗan'uwansa baƙi mai gemu, wanda ya fi shi nauyin jiki da son kawa. Akwai wani mai zane baƙi da fari da haƙora irin na tunkiya, mai wayo da tsoro, wanda kama shi da ƙoton roba abin alfahari ne. A sama kuma ga kwasakwasa, tsuntsun da ke kan tutar jihar, ga zalɓe da balbela, ga agwagin daji da suke saukowa daga arewa a daidai wannan lokaci.

Mutumin da ke tsaye a baya

Tafiya takan fara ne kafin fitowar rana daga ƙananan garuruwan masunta: Hopedale da Delacroix da Shell Beach a gabashin kogi, ko Venice, inda titi ya ƙare, kimanin kilomita 120 kudu da New Orleans. Wasu daga cikin iyalan Delacroix jikokin mutanen tsibiran Kanari ne da Sifaniya ta kawo tun daga 1778, kuma kakanninsu da kamun jatan lande da kawa da farautar dabbobin fadama suka rayu.

Jirgin ƙarami ne, tsawonsa mita biyar ko ɗan fiye, cikinsa a shimfiɗe, mara nauyi, yana iya yawo a ruwan da bai kai taƙi guda ba. Mutum uku yake ɗauka: jagora da baƙi biyu. A gaba akwai ɗan dandamali inda mai jifa yake tsayawa. A baya, bisa kan inji, akwai wani dandamali mai tsawo inda jagora yake hawa. Inji aikinsa kai mutane wurin kawai. Da an kusa sai a kashe shi, a ɗage shi daga ruwa, jagora ya ɗauki sanda mai tsawon mita shida ko bakwai ya fara tura jirgin. Duk wanda ya ga masunta a Yawuri ko a tafkin Chadi suna tura kwalekwale da gora ya san wannan aiki, sai dai sandar ta nan da wani sinadari mara nauyi ake ƙera ta, kuma ƙarshenta yana da baki biyu don kada ta nutse cikin taɓo.

Dalilin barin inji shi ne kifi na ganinka mai jar koma, kuma kafin ya gan ka ya ji ka. Sauti ya fi gudu a ruwa fiye da a iska har ninki huɗu, kuma jan kifi yana da wani layi a gefen jikinsa mai jin motsin ruwa. Murfin akwati da aka saki ya buga, takalmi da aka ja a kan jirgi, ko girgiza jirgi lokacin jifa, kowanne ya isa ya kori garke. Shi ya sa da yawa suke tsayawa a gaban jirgi da safa kawai ko ƙafa ba takalmi, wanda kuma yake sa su ji idan sun taka zare.

Kafin mutum ya ɗauki baƙo don kuɗi sai ya sami lasisin kyaftin daga rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka. Ƙaramin lasisin yana ba shi damar ɗaukar fasinja har shida, kuma ba a ba shi sai ya nuna ya yi kwana 360 yana aiki a kan ruwa, ya ci jarrabawa, ya koyi taimakon gaggawa. Jiha ma tana da nata lasisin. Amma takarda ba ta koya wa mutum abin da baƙi suke biya dominsa. Jagora ya san wane tafki ne yake washewa da iskar arewa maso yamma, wanne ne yake dagulewa. Ya san inda tarin kawa yake kwance a ƙarƙashin ruwa yana jiran cikin jirgi. Ya san sa'ar da ya kamata ya fita daga wani lungu kafin ruwa ya janye ya bar shi a kan taɓon da ba a iya takawa, domin taɓon nan yana haɗiye ƙafa har cinya. Yana duba sama saboda hazo da tsawa. Kuma yana karanta baƙonsa: wanda hannunsa bai ƙware ba, sai a matsar masa da jirgi kusa, a juya shi yadda iska za ta taimake shi.

Akwai ladubba tsakanin jagorori da babu dokar da ta rubuta su. Ba a shiga gaban jirgin da yake tura sanda. Ba a ratsa fili da inji a kunne alhali wani yana farauta a ciki. Ba a ɗaukar hoton da zai nuna wa duniya wurin da wani ya sha wahala kafin ya gano. Baƙon da ya ɗauki alamar wuri a wayarsa a ɓoye don ya dawo da nasa jirgin, ya ci amanar da ba a mantawa.

Agogo a kan ruwa

Farautar da ido ake yin ta. Kowa yana sanye da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, jagora kuma yana ƙoƙarin sa rana a bayansu. Daga hantsi zuwa la'asar haske ya fi kyau. Da yake jagora ya fi kowa bisa, shi yake fara gani, kuma ba kasafai yake ganin kifin gaba ɗaya ba. Alama yake gani: ƙarshen wutsiya yana kaɗawa a waje yayin da kai yake cikin taɓo, ko ɗan tudun ruwa yana tafiya a gefen ciyawa, ko jatan lande suna tsalle ɗaya bayan ɗaya, ko wani ja-ja da bai yi kama da ƙasan ruwa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Inda laka ta tashi ba iska, wani abu ne ya motsa ta.

Don a yi magana a taƙaice, an mai da jirgin fuskar agogo. Hancin jirgi shi ne ƙarfe goma sha biyu, dama ƙarfe uku, hagu ƙarfe tara. Jagora zai ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ƙarfe goma sha ɗaya, ƙafa arba'in, yana tafiya hagu." Idan baƙo bai gani ba sai ya ce, "Nuna da sandarka. Dama kaɗan. Nan. Jefa." Baƙo kuma ba ya kiransa da komai sai Kyaftin. Daga gani zuwa jifa sau da yawa daƙiƙa biyar ce ko ƙasa da haka.

Kayan jifa iri biyu ne. Akwai sanda mai faifan naɗe zare, wadda ake jefa ƙoto mai ɗan nauyi da ita: wani ƙarfe mai siffar cokali da ruwan zinariya, ko kifin roba, ko jatan landen roba a ƙarƙashin wani abu mai ƙara da ke yawo a saman ruwa. Wannan ta fi sauƙin koyo. Akwai kuma hanyar da masu zuwa daga nesa suka fi so, inda ƙoton gashin tsuntsu ne da na dabba aka ɗaura a kan ƙugiya ya yi kama da ƙaguwa ko ƙaramin kifi. Ba shi da nauyin da zai kai kansa, saboda haka zaren ne mai kauri da nauyi, ana kaɗa shi gaba da baya a iska har ya miƙe ya ajiye ƙoton. Ƙwarewa a nan ba nisa ba ce. Yawancin kifin Luwiziyana kusa ake ganinsu, don ruwan ba ya nuna abu daga nesa. Sauri da daidaito ake bukata.

Ƙa'idar ita ce a ajiye ƙoto a gaban kifi, ɗan nesa da bakinsa, sa'an nan a ja shi ya yi kamar yana gudu. A duniyar ruwa ƙaguwa ba ta taɓa kai wa babban kifi hari, don haka ƙoton da ya nufo shi kai tsaye tsorata shi yake yi. Idan jifa ya yi kyau, za a ga kifin ya juya, ya buɗe baki, ya zuƙe. A wannan lokaci hannu yakan so ya ɗaga sanda sama, kuma wannan shi yake fizge ƙoto daga bakin kifi. Abin da ake so shi ne a bar sanda a ƙasa a ja zaren da ƙarfi da ɗaya hannun har ƙugiya ta zauna. Daga nan kifin zai ɗauki zare ya ruga, laka tana tashi a bayansa, ba ya tsalle, sai dai ja mai nauyi da taurin kai.

Jagora na kirki ba ya bari a tsawaita wannan kokawa. Yana so a kawo kifi da sauran ƙarfinsa. Akan lanƙwashe ƙayar ƙugiya tun farko don ta fita da sauƙi. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, don kada a goge santsin da ke kare fatarsa. Ba a rataye babban kifi ta baki, a kwance ake tallafe shi, hannu ɗaya a wutsiya ɗaya a ƙarƙashin ciki. Hoto na ɗan lokaci ne, sa'an nan a mayar da shi ruwa a riƙe har ya buga wutsiya da kansa ya tafi.

Yadda kasko ya kusa ƙarar da garke

Wannan kulawa tana da tarihi. A 1979 wani mai dafa abinci ɗan Luwiziyana, Paul Prudhomme, ya buɗe gidan abinci mai suna K-Paul's a New Orleans. Ba da jimawa ba ya fito da wani girki: a tsoma tsokar jan kifi cikin man shanu, a barbaɗe ta da kayan yaji, a ɗora a kaskon ƙarfe da ya yi zafi ƙwarai har bayanta ya yi baƙi. Girkin ya karɓu a duk faɗin Amurka. Kafin lokacin, manyan jan kifi na teku ba su da wata daraja a kasuwa. Cikin 'yan shekaru sai ga manyan jiragen kamun kifi suna bin garkensu, ƙananan jiragen sama suna nuna musu daga bisa, ana zagaye garke guda da taru a kwashe. Kifayen da ake kwashewa kuwa su ne iyaye, masu shekara 20 da 30.

A 1986 gwamnatin tarayya ta sa dokar gaggawa, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare an haramta kamun jan kifi a ruwan tarayya na tekun Meziko, haramcin da yake nan har yau. Teksas ta riga kowa: masu kamun nishaɗi sun kafa ƙungiya a Houston a 1977, kuma a 1981 jihar ta hana sayar da jan kifin da aka kamo a ruwanta. Luwiziyana ta dakatar da kamunsa don kasuwa a 1988. A 2007 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a umarnin da ya ƙara kare shi a ruwan tarayya. Wannan sauyi bai zo kyauta ba. Iyalai masu taru da suka gaji sana'ar sun rasa hanyar abinci, wasunsu kuma su ne suka koma jagorori. Amma garken ya farfaɗo.

Sai dai ƙugiya ma tana iya yin abin da taru ya yi, idan masu riƙe ta sun yi yawa. Binciken da hukumar kula da kifi da namun daji ta Luwiziyana ta fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 20 cikin ɗari ne kawai na ƙananan kifaye suke tsira su kai teku su haihu, alhali abin da ake bukata kashi 30 ne. Daga 20 ga Yunin 2024 doka ta canja: kifi huɗu a yini maimakon biyar, tsawonsa tsakanin inci 18 da 27, wato kimanin santimita 46 zuwa 69. Wanda ya wuce haka dole a sake shi, kuma kyaftin da ma'aikatansa ba su da rabon kansu a tafiyar da aka biya su. Jagorori da dama sun nemi a ƙara tsanantawa ma fiye da haka. Lissafinsu a fili yake. Kifin da aka yanka sau ɗaya ake cinsa. Wanda aka saki zai haihu a kaka mai zuwa, kuma wani baƙo zai sake biyan kuɗi don ya gan shi.

Ƙasar da take nutsewa

Akwai abin da dokar inci da ƙidaya ba ta iya gyarawa. Fadamar nan kogi ne ya gina ta, shekaru dubbai yana ambaliya yana shimfiɗa laka. Irin wannan ƙasa kullum tana lotsawa, sabuwar laka ce take cike gurbin. Bayan babbar ambaliyar 1927 aka killace kogin da manyan ganuwoyi don kare garuruwa da gonaki, sai lakar ta riƙa wucewa kai tsaye zuwa teku mai zurfi. Aka kuma yanka dubban kilomitoci na hanyoyin ruwa don haƙar mai da gas da wucewar jirage, ruwan gishiri ya bi su ya kashe tsirran da ba sa jure shi. Wata dabba mai kama da gafiya da aka shigo da ita daga Kudancin Amurka saboda fatarta ta bazu tana cin saiwar ciyawa. Teku kuma yana ƙara hawa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga 1932 zuwa 2016 Luwiziyana ta rasa fiye da murabba'in kilomita 5,000 na gaɓarta.

Jagora yana ganin wannan kafin kowa. Na'urar nuna hanya takan nuna jirginsa yana tafiya a kan tudu alhali yana tsakiyar ruwa. A farkon shekarun 2010 hukumar da ke zana taswirar teku ta cire sunayen wurare kimanin 30 a yankin Plaquemines, cikinsu har da Yellow Cotton Bay, saboda gaɓoɓin da suka kewaye su sun tafi, sun zama ruwa ɗaya. Tafkin da uba ya koya wa ɗansa, ɗan ba zai iya nuna wa nasa ɗan ba. Ilimin jagora dole ya riƙa sabunta shi bayan kowace guguwa.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne fadama mai rugujewa takan ba da kifi da yawa na wani lokaci. Idan dunƙulalliyar ciyawa ta farfashe, gefunanta suna ƙaruwa, kuma a gefe ne ƙananan halittu suke kiwo. Ruɓaɓɓiyar ciyawa ma abinci ce. Saboda haka kamu yakan yi kyau alhali gidan yana rushewa, har ranar da gutsattsarin suka ƙare, sai buɗaɗɗen ruwa da ba ya renon komai. Yawan kifin yau ba shaida ba ce ta lafiyar gobe.

Jihar ta kafa hukumar kare gaɓa bayan Katrina, tana kuma da shiri na shekara 50 da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 50. Ana zuƙo yashi da laka da manyan bututu ana sake gina tsibirai da fadama. Babban aikin da aka tsara don buɗe ganuwa a saki ruwan kogi da lakarsa cikin yankin Barataria, an fara shi a Agustan 2023, aka soke shi a Yulin 2025 bayan doguwar jayayya kan kuɗi da kuma ƙorafin masu kawa da jatan lande, waɗanda ruwan daɗi zai lalata musu wuraren sana'a. Tsoronsu gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa inda aka bar kogi ya shimfiɗa lakarsa, kamar bakin Wax Lake a yammacin gaɓar, sabuwar ƙasa tana fitowa.

A cikin wannan muhawara muryar jagora tana da nauyi na musamman, kuma ya kamata a saurare ta. Masani yana zuwa ya auna ya tafi, ɗan siyasa yana zuwa ranar buɗe aiki, shi kuwa jagora yana kan ruwan mafi yawan kwanakin shekara, kuma abincin gidansa ya rataya ne a kan kifi mai rai da ciyawa mai tsayuwa. Yana da wata dama kuma da babu mai ita: kowace safiya ana kawo masa mutum biyu daga nesa, su tsaya a gabansa sa'o'i takwas suna kallon inda ya nuna. Wanda ya koya musu ganin wutsiyar kifi a cikin laka zai iya koya musu ganin kututturan itatuwan da gishiri ya kashe da bakin gaɓar da ta zaizaye. Baƙon da ya koma gida da wannan sani ya sami abin da ya fi hoton kifi, kuma idan aka zo yanke shawara kan kogin da lakarsa, yana cikin waɗanda za su san abin da ake magana a kai.